Shekara hamsin da kyamara a hannu: abin da daɗewa ke ƙara wa hoto

A ranar 23 ga Mayun 2025 Sebastião Salgado ya rasu a birnin Paris yana da shekara 81. Iyalinsa sun bayyana cewa sankarar jini ce ta yi ajalinsa, kuma asalinta wani mugun zazzaɓin cizon sauro ne da ya kama shi a Indunusiya a 2010, lokacin da yake yawon ɗaukar hotunan dazuzzuka da tsaunuka. Mutumin ɗan ƙasar Burazil ne, ya shafe sama da shekara hamsin ba shi da wata sana'a sai rataya kyamara ya nausa inda mota ba ta zuwa. A idon mutane da dama a wajenmu irin wannan rayuwa yawon buɗe ido ce ta wanda ya ƙoshi. Mai hoton da muka saba da shi shi ne na biki da suna da fasfo, wanda ake biya a karɓi kaya. Wanda kuwa zai kwana uku a bakin fadama yana jiran tsuntsu ya sauka, kallon marar aikin yi ake yi masa. Ina ganin wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskuren ya samo asali daga auna aikin da hoto guda. Hoton tafiya da na halittu ba ya cika amfaninsa a rana ɗaya ko shekara ɗaya. Darajarsa tana zuwa ne idan mutum ɗaya ya riƙa komawa wuri ɗaya ko batu ɗaya har ya san shi ciki da bai, har hotunansa na farko su zama ma'aunin da za a gwada na baya da su. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an ba shi rayuwa sukutum.

Tarihin Salgado kansa ya isa hujja ta farko. An haife shi a 1944 a garin Aimorés na jihar Minas Gerais, mahaifinsa mai gonar kiwon shanu ne. Ilimin tattalin arziki ya karanta, kuma a 1969 shi da matarsa Lélia suka bar ƙasar zuwa Faransa saboda mulkin soja. Kyamarar da ya fara riƙewa ma ba tasa ba ce, Lélia ce ta saye ta don karatunta na zanen gine-gine. Ya samu aiki mai tsoka a Ƙungiyar Gahawa ta Duniya da ke Landan, wadda ke tura shi ƙasashen Afirka duba harkar noma, sai ya lura cewa hotunan da yake dawowa da su sun fi rahotannin da yake rubutawa kwanta masa a rai. A 1973, yana da shekara 29, ya ajiye aikin. Cikin wuraren da ya fara zuwa a matsayin mai ɗaukar hoto akwai Jamhuriyar Nijar, a tsakiyar farin da ya halaka dabbobi ya tarwatsa makiyaya a wancan lokaci. Da a nan ya tsaya, da sunansa ya ɓace cikin jerin baƙin da suka zo suka ɗauki hoton yunwa suka tafi. Sai dai ya dawo. A 1984 da 1985, da fari ya sake afka wa yankin Sahel, ya yi wata 15 yana bin ayarin likitocin agaji na Médecins Sans Frontières a Mali da Chadi da Habasha da Sudan. 'Yan jarida kan sauka a sansani su kwana biyu su kama gabansu, shi kuwa ya zauna har ya ga yadda yunwa ke cin mutane daga wata zuwa wata. Haka ya ci gaba da tsara ayyukansa, kowane batu ya ba shi shekara shida ko bakwai. Ya bi masu aikin ƙarfi na duniya, ciki har da mutum wajen 50,000 masu haƙar zinariya a ramin Serra Pelada a 1986 da masu kashe gobarar rijiyoyin mai a Kuwaiti a 1991, sannan ya juya ga masu ƙaura da 'yan gudun hijira.

Wannan aiki na ƙarshe ne ya kusa karya shi. Ya je Ruwanda a 1994, ƙasar da ya sani tun yana masanin tattalin arziki, ya ga kisan ƙare dangi, ya ga sansanonin Goma inda kwalara ke kwasar mutane dubbai. Ya koma gida da ciwo a jiki da a zuciya, har ya faɗa da bakinsa cewa ya yanke ƙauna daga ɗan'adam. A daidai wannan lokaci gonar mahaifinsa ta dawo hannunsa. Wurin da ya sani yana yaro cike da kurmi da ƙoramu ya zama faƙo, kiwo da sara sun cinye itatuwan, zaizaya ta tsattsage tuddan. Lélia ce ta kawo shawarar a sake dasa dajin. A 1998 suka kafa cibiyar Instituto Terra, aka soma dashe a shekarar da ta biyo baya, fiye da rabin dashen farko ya mutu, aka sake. Zuwa yau an dasa itatuwa sama da miliyan biyu, tsuntsaye iri fiye da 170 sun dawo, idanun ruwa da suka ƙafe sun farfaɗo. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne dalilin da ya sa ya gane girman asarar tun farko: ya san yadda wurin yake a da. Baƙon da ya hau wannan tudu a shekarun 1990 busasshiyar ƙasa zai gani, ya ɗauka haka aka halicce ta. Ganin dajin yana tsirowa ne ya karkatar da Salgado zuwa ga halittu, ya soma aikin da ya kira Genesis a 2004, yana da shekara 60, shekarun da ma'aikaci ke haɗa takardun ritaya. Ya yi shekara takwas a kansa cikin tafiya 32, daga tsibiran Galápagos zuwa ƙanƙarar kudancin duniya, daga makiyayan Nenets na Saiberiya zuwa hamadar Sahara da tsaunukan arewacin Habasha, inda ya yi kusan wata biyu yana tafiya a ƙafa. Littafin ya fito a 2013, sannan ya ƙara wasu shekarun a kurmin Amazon, aikin da ya fito a 2021.

Me daɗewa ke koya wa mai kyamara wanda makaranta ba ta koyarwa? Sarrafa na'urar ba shi ne mai wuya ba. Cikin 'yan watanni mutum zai san yawan hasken da zai bari ya shiga, da saurin ƙiftawar kyamara, da gilashin da ya dace da abu na nesa ko na kusa. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin abin da ake ɗauka. Salgado ya ba da labarin yadda wani ƙaton kunkuru a Galápagos ya ƙi yarda da shi yini guda, duk sanda ya matso sai ya juya ya tafi, har sai da ya durƙusa ya yi rarrafe, idonsa daidai da na dabbar, sannan ta tsaya ta dube shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyon yadda ake kusantar mutane ba tare da an ci zarafinsu ba, shi ne ya gane cewa dabba ma tana bukatar wannan ladabi. A ƙasarmu misalan suna nan birjik. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, don haka wanda ya ɗauke shi a watan Agusta kaɗai zai tafi da hoton itacen da ya yi kama da matacce. Shamuwa tana isowa ne gab da faɗuwar ruwa. Agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke tserowa sanyin Turai suna cika fadamun Haɗeja da Nguru ne bayan damina ta ɗauke, su juya kafin zafi ya tsananta. Hazon hunturu yana shafe nesa ya mayar da rana fara fat, amma yana tausasa inuwa a fuskar mutum, ga ƙurarsa kuma da ke shiga gaɓoɓin kyamara. Hasken tsakar rana yana daskarar da komai, na hantsi da na la'asar sakaliya ne ke fito da tudu da kwari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sau ɗaya yake zagayowa a shekara ko a yini. Wanda ya kuskure isowar tsuntsu bana sai baɗi, kuma mai shekara goma a aikin damina goma kacal ya gani.

Amfani na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya wuce mai hoton ya shafi al'umma. Hoto guda yana nuna yadda wuri yake, hotuna biyu na wuri ɗaya da shekaru a tsakaninsu suna nuna inda wurin ya dosa, kuma sau da yawa sukan ƙaryata abin da kowa ya ɗauka gaskiya ne. Bayan farin 1973 da na 1984 duniya ta gama yanke hukunci cewa hamada na cinye kudancin Nijar, ba makawa. Amma da wani masani na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, tare da abokan aikinsa suka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na 2005, sai suka ga akasin haka a wurare da dama na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Gonakin da a da ake ƙirga itatuwansu da yatsu sun cika da gawo da sauran itatuwa, duk da cewa mutane sun ninka. An ƙiyasta faɗin wannan sauyi da kadada miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Manoma ne suka daina tumɓuke tohon kututture, suna zaɓar reshe mai ƙarfi su sassabe sauran, dabarar da ake kira sassabin zamani, wadda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa ta a yankin Maraɗi tun 1983. Sauyin ya yi shekara ashirin yana faruwa a gaban idon kowa, amma saboda a hankali yake tafiya, hukumomin duniya ba su farga ba sai da tsohon hoto ya tsaya kusa da sabo.

Irin haka ta faru a Kissidougou ta ƙasar Gini, inda tun zamanin Turawan mulki ake zargin mutanen ƙauye da cinye kurmi, ana cewa 'yan dazuzzukan da ke kewaye da garuruwansu ragowar babban daji ne. Wasu masana biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka gwada hotunan sama na 1952 da na shekarun da suka biyo baya, suka nuna a littafinsu na 1996 cewa a wurare da yawa dazuzzukan ƙaruwa suka yi, kuma mazauna ne suka rene su. A Kouré kuwa, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke, da hoto ake ƙidaya. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, don haka masu ƙidaya kan ɗauki hoton ɓarin dama da na hagu na kowace dabba su adana a kundi, shekara bayan shekara. Ta haka aka bi sawunsu daga 49 a 1996 zuwa sama da 600 bayan shekara ashirin da ɗoriya. Mai karatu zai iya cewa waɗannan hotunan masana ne da na jiragen sama, ba na mai yawo da kyamara ba. Gaskiya ne, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma akwai abin da jirgi ba ya gani: wane irin itace ne, wa ke sassabe shi, wace ciyawa ce ta toshe hanyar ruwa, wane kifi ne ya daina zuwa kasuwa. Wannan sai mai tsayuwa a ƙasa.

Akwai suka mai ƙarfi da aka daɗe ana yi wa wannan aiki, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. A 1991 Ingrid Sischy ta rubuta a mujallar New Yorker cewa hotunan Salgado sun cika kyau, har kyan ya kan sa mai kallo ya yi sha'awar hoton ya manta da wahalar da ke cikinsa. A 2003 Susan Sontag ta ƙara da cewa ba ya rubuta sunayen talakawan da yake ɗauka, sai su zama misalin wahala kawai, alhali manya kullum da sunansu ake nuna su. Amsar da Salgado ya riƙa bayarwa ga ta farko ita ce hasken da ke sauka a ƙasashen matalauta shi ne ke sauka a na masu arziki, kuma bai ga dalilin da za a ce dole a nuna talaka a wulaƙance kafin a yarda da wahalarsa ba. A nan ina tare da shi. Duk wanda ya ga yadda ake nuna yankinmu a kafafen duniya, ƙuda a idon yaro da ƙoƙon bara a hannu, ya san cewa munana hoto ba ya ƙara masa gaskiya. Suka ta biyu kuwa tana da tushe, domin mutum yana da suna da dangi da gari, kuma wanda ya ɗauki fuskarsa ya bar sunansa ya rage masa wani abu. Sai dai a duba aikinsa na Amazon, wanda ya yi yana da shekara saba'in da wani abu: a can ya rubuta sunayen mutanen da ƙabilunsu da ƙauyukansu a ƙarƙashin hotuna. Ya samu damar gyarawa ne saboda yana nan a fagen shekaru bayan an soke shi. Mai zuwa sau ɗaya ya tafi da kuskurensa ke nan.

Masu hoton halittu suna da nasu laifin na daban, wato son nuna daji babu mutum. Ansel Adams, wanda ya fara zuwa kwarin Yosemite na Amurka a 1916 yana ɗan shekara 14 da ƙaramar kyamarar Kodak, ya kuma riƙa komawa har ƙarshen rayuwarsa a 1984, ya bar wa duniya hotunan duwatsu da magangarun ruwa waɗanda suke kamar ba a taɓa taka wurin ba. Alhali kwarin yana da mazaunansa na asali, waɗanda mayaƙan Turawa suka fatattaka a 1851. Hoton da ya ɓoye wannan tarihi yana iya ƙarfafa tunanin cewa kare daji yana nufin korar mutane, tunanin da ya jawo wa makiyaya da manoma a Afirka wahala mai yawa. Daɗewa kaɗai ba ta warkar da wannan, Adams ya daɗe kuma bai warke ba. Amma ba a warkewa ba tare da ita ba, domin sai wanda ya ga damina da rani da yawa a wuri ne ke gane cewa kukar da ke tsaye ita kaɗai wani ne ya bar ta da gangan, burtalin da ya ratsa daji shanu ne suka shata shi, ɗorawar da ke gefen gona tana da mai ita. Duk da wannan aibi, aikin Adams ya yi tasirin da ba a musu. Littafinsa na hotunan tsaunukan Sierra Nevada na 1938 ya isa hannun sakataren harkokin cikin gida Harold Ickes, daga nan zuwa Shugaba Roosevelt, ya kuma taimaka wajen kafa gandun Kings Canyon a 1940. A Gabon, bayan wani masani, Mike Fay, ya taka kilomita wajen 3,200 a kurmin tsakiyar Afirka tsakanin 1999 da 2000, hotunan da Michael Nichols ya ɗauka a tafiyar suna cikin abin da aka nuna wa Shugaba Omar Bongo kafin ya ayyana gandun daji 13 a 2002. Ba hoto ne ya sa hannu a doka ba, siyasa da lissafin kuɗi sun yi nasu aikin, amma gani ya kori ji, kuma shugabanni ma da ido suke yanke hukunci.

Sukar da ta fi kusa da mai karatu a Kano ko Zinder ita ce ta kuɗi. Wa ke da halin tafiya 32 zuwa bangon duniya? Kyamara mai kyau da dogon gilashi sun fi ƙarfin albashin malamin makaranta na shekara, kuma ko Salgado sai da manyan mujallu da kamfanoni suka ɗauki nauyinsa. Wannan gaskiya ce, amma ta ɗauka cewa nisa shi ne jigon aikin, alhali duk misalan da suka gabata komawa suke nunawa. Adams ya yi suna ne da tsaunukan jiharsa ta haihuwa. Aikin Salgado da ya fi barin alama a ƙasa, a gonar ubansa ya yi shi. Malamin da ke zaune a Gashuwa ko Nguru, da wayar hannu mai kyamara madaidaiciya, yana da abin da babu baƙon da ke da shi, wato yana nan kowace shekara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamun yankin ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wuraren noma da kamun kifi sun koma wasu wuraren. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadamu, ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Wanda zai tsaya a kan gada ɗaya, ya fuskanci gabas, ya ɗauki hoto a mako ɗaya na kowace shekara har shekara talatin, zai tara shaidar da masu tsara rabon ruwa za su bukata. Matsalar tsaro ma ta ƙara wa wannan magana nauyi. Bayan harin da aka kai Kouré a watan Agustan 2020, wanda ya kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, baƙi sun ɗauke ƙafa. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya koma na fargaba. Ba wanda zai ce wa mutum ya jefa kansa cikin haɗari saboda hoto, amma inda ake iya zuwa lafiya, kamar bakin kogunan da ke kusa da gari, idan 'yan ƙasa ba su ɗauka ba shekarun za su wuce babu shaida.

Wasu za su ce zamani ya riga ya shafe wannan sana'a, tunda kowa na da kyamara a aljihu, intanet ta cika da hotuna, ga ƙirƙirarriyar basira da ke iya zana giwa a bakin tafki ba tare da an ga giwa ba. A ganina wannan ya ƙara wa mai daɗewa daraja ne. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar hotuna ta duniya ta Sony, sannan ya ƙi karɓa ya bayyana cewa na'ura ce ta haɗa hoton. Tun kafin haka babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kerkecin da ke hoton na gida ne aka horar, ta kuma soke wata ta 2017 da aka gano cewa dabbar da ke ciki matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Idan ido ba ya iya rarrabe na gaske da na bogi, abin da ya rage shi ne amanar wanda ya ɗauka, kamar yadda a kasuwar hatsi ake sayen buhu a rufe daga hannun wanda aka daɗe da sanin mudunsa. Amana kuwa shekaru ke gina ta. Haka nan wajen cutar da abin da ake ɗauka: masu gaggawa ne ke sare reshen da ya kare sheƙa don hoto ya fito, ko su kunna kukan tsuntsu a waya su ruɗe shi ya bar ƙwansa, ko su kora dabba da mota. Wanda ya san zai dawo baɗi, kuma zai sake haɗa ido da masu gadin dajin da mutanen ƙauyen, yana da dalilin barin wuri yadda ya same shi. Game da hukuncin addini, wanda ba a raba Bahaushe da tambayarsa, malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara na abu mai rai, kowa kuma ya bi malaminsa. Amma itatuwa da duwatsu da koguna ba su cikin wannan saɓani, domin an ruwaito a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai.

Sashen aikin da aka fi sakaci da shi shi ne adanawa, kuma a nan ne mafi yawan ƙoƙarin masu sha'awa ke zubewa. Salgado ya ba da shekarunsa na ƙarshe ga tace taskarsa mai hotuna sama da 500,000, kuma Lélia ce ta tsara littattafansa da nune-nunensa tun farko, aikin da in babu shi da tarin fim ne kawai a akwati. Hoton da ba a san ranar da aka ɗauke shi ba, ko wurin, ko inda mai ɗauka ya fuskanta, ba a iya gwada shi da komai, komai kyansa. Hotunan 1975 na Nijar sun yi amfani bayan shekara talatin ne saboda wani ma'aikaci ya rubuta musu lamba da kwanan wata ya ajiye su inda gara ba ta kai ba. Yau hotunanmu suna cikin wayoyin da ake sacewa, ko su faɗa ruwa, ko a goge su don a samu wurin sabon bidiyo, waɗanda aka ɗora a Facebook ko aka tura ta WhatsApp kuma an matse su an rage musu inganci, galibi har bayanan ranar da wurin sun goge. Duk mai niyyar wannan aiki yana bukatar littafin rubutu tare da kyamara, ya riƙa sa sunan wuri yadda mutanen wurin ke kiransa, da sunan itace ko tsuntsu da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, da sunan wanda ya yarda aka ɗauke shi. Yana bukatar kwafi biyu a wurare biyu, ya kuma wanke zaɓaɓɓu a takarda, domin takarda mai kyau ta fi katin waya tsawon rai. Sannan tun da sauran ƙarfinsa ya yanke shawarar hannun da tarin zai koma. Gidan Arewa da Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu, su ne wuraren da ya dace su buɗe ƙofa ga irin wannan ajiya, su tanadi ma'aikacin da zai karɓa ya yi mata rajista, su kuma bar ɗalibai da manoma da masu tsara ayyukan ruwa su riƙa dubawa.